Wasa 17 kacal ya buga: ya cancanci a fara ɗaukar Schaefer a diraf ɗin NHL?

Bakano_Mississauga

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu bin hoki na ƙanƙara a cikinmu ku taimaka min da wannan lissafin, don abin ya tsaya min a rai. Saura kwana kaɗan a yi diraf na 2025, wato zaɓen matasan 'yan wasa da ƙungiyoyin NHL (babban lig ɗin hoki na Amurka da Kanada) ke yi duk shekara, a Los Anjalas, 27 ga Yuni, kuma tunda New York Islanders suka ci ƙuri'ar zaɓin farko kowa maganarsa ɗaya, wai Matthew Schaefer za su ɗauka, ɗan bayan nan na Erie Otters. To ni abinda ban gane ba shine yaron nan wasa 17 kawai ya buga a OHL, lig ɗin matasa na Ontario, kakar nan, da farko ciwon mono ya kwantar da shi, ya dawo ya fara wasa kenan sai ya je gasar matasa ta duniya a Otawa ya yi karo da ƙarfen raga a wasansu da Latbiya, ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya karye, shikenan kaka ta ƙare masa tun Disamba. Ƙwallo 7 ya ci, ya bayar aka ci 15, maki 22.

A gefe guda ga Michael Misa na Saginaw, wasa 65, ƙwallo 62, maki 134. Wannan ai kowa ya gani da idonsa wata shida cur. Ta yaya za ka bar wanda ka gani ka ɗauki wanda rabonka da ganinsa a kan ƙanƙara tun bara? Kuma wai me ake dubawa ne a wajen ɗan baya ɗan shekara 17 har a ce shine na ɗaya? Da gaske nake tambaya, ina so in fahimta.

Malam_Edmonton

Wa alaikumus salam. Ƙanina tambayarka a kan hanya take, amma fara ajiye maganar maki a gefe tukuna, don maki a lig ɗin matasa ba ya gaya maka abinda kake son sani game da ɗan baya. Yaro zai iya tara maki kawai saboda shi ake sakawa duk lokacin da aka kori ɗan ɗaya ƙungiyar na minti biyu, yana tsaye a shuɗin layi ba mai matsa masa, yana miƙa wa gwanaye suna ci. Wannan ba ya nuna komai.

Ni in zan kalli ɗan baya, abu na farko da nake jira shine lokacin da aka wurgo fak, wato ɗan faifan robar nan da ake bugawa, cikin kusurwar gidansu. Nan ake gane mutum. Zai juya ya bi fak ɗin, fuskarsa na kallon bango, bayansa kuma ga mutum na tahowa a guje zai haɗa shi da gilashi. Ka lura kafin ya isa sau nawa ya waiga ta kafaɗa. Wanda ya waiga sau ɗaya ko biyu ya riga ya san inda kowa yake, kafin sandarsa ta taɓa fak ya gama yanke shawara. Wanda bai waiga ba sai ya taɓa sannan ya fara tunani, kuma a NHL babu wannan lokacin, sai dai ya doka ta jikin bango kawai ta koma hannun abokan gaba. Yaro mai tsoron duka ma a nan ake kama shi, za ka ga yana rage gudu don wancan ya riga shi isa.

Na biyu ƙafa. Ba gudun gaba ba, wannan kowa ya iya. Gudu da baya, da yadda yake juyawa daga baya zuwa gaba ba tare da ya yi asarar taku ba, da tazarar da yake bari tsakaninsa da mai tahowa da fak. Wanda bai yarda da ƙafarsa ba ja da baya yake ta yi har ya kai kan golansa, ya ba maharin fili kyauta. Wanda ya yarda da ita tun a tsakiyar fili yake manne wa mutum, sanda a kan fak, don ya san ko an wuce shi zai kamo.

To a waɗannan biyun ne Schaefer ya yi wa sa'o'insa nisa, kuma ba sai ka kalli wasa 60 za ka gane ba. Na kalle shi a nan Edmonton a gasar Hlinka Gretzky a watan Agustan 2024, shine kyaftin ɗin Kanada kuma suka ci zinare, wlh yadda yake ɗauko fak daga bayan raga ya ratsa fili da ita kamar ba a kan ƙanƙara ɗaya suke da sauran ba, kuma in harin ya lalace kafin ka ankara ya riga kowa komawa gida. Sannan ba wasa 17 kawai masu farautar 'yan wasa suka gani ba. Shi aka fara ɗauka a diraf ɗin OHL na 2023, ya buga kaka guda a Erie yana ɗan 16, ya ci zinare da Kanada a gasar 'yan ƙasa da 18 ta duniya a 2024, ya buga wasannin nan tsakanin CHL, wato haɗakar lig-lig ɗin matasan Kanada, da matasan Amurka a Nuwamba. Shekara biyu ana binsa da littafi.

Ka kuma duba ranar haihuwarsa, 5 ga Satumba 2007. Dokar diraf sai ka cika 18 kafin ko a ranar 15 ga Satumba, kenan da kwana 10 ya tsallake, da an haife shi bayan sati biyu da sai 2026 za a yi maganarsa. Yana cikin mafi ƙanƙanta a ajin nan, kuma a wannan shekarun wata shida ko bakwai ba ƙaramin abu ba ne a jiki.

Ummu_Sudais

Malam na ji bayaninka kuma ban musa gwanintar yaron ba, amma ni ina tare da mai tambaya. Mu duba tarihi mana. Daga 2000 zuwa 2024 'yan baya huɗu aka fara ɗauka, Erik Johnson 2006, Aaron Ekblad 2014, Rasmus Dahlin 2018, Owen Power 2021, kuma cikinsu har zuwa 2025 babu wanda ya ci kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya. St. Louis sun ɗauki Johnson suka bar Jonathan Toews ya tafi Chicago a na 3. Florida sun ɗauki Ekblad, Leon Draisaitl ya tafi Edmonton a na 3, eh Ekblad ya ɗaga kofin Stanley, babban kofin NHL, a 2024 kuma ɗan wasa ne mai kyau amma tsakani da Allah wa zai ce ya fi Draisaitl?

Sannan ku duba inda manyan 'yan baya suka fito, Lidström na 53 a 1989, Chara na 56, Duncan Keith na 54, Roman Josi na 38, Adam Fox na 66, duk sun ci Norris. Ga Lane Hutson na Montreal da aka ba Calder, kyautar gwarzon sabon ɗan wasa, a Yunin 2025 da maki 66, na 62 aka ɗauke shi a 2022 don wai ya yi gajarta. Abinda wannan ke nuna min shine su kansu ƙwararrun basu iya karanta ɗan baya yana 17 ba, ɗan gaba mai cin ƙwallo an fi saurin gane shi kuma ba a cika kuskure a kansa ba. To in haka ne ka ɗauki santa, wato ɗan gaba na tsakiya irin Misa, da zaɓin farko, ka nemi ɗan baya a zagaye na biyu. Islanders ma ba su da mai cin ƙwallo isasshe, kowa ya sani.

Kuma maganar rauni kar a raina ta. Nolan Patrick ma haka aka yi ta cewa ba komai a 2017, Philadelphia suka ɗauke shi na 2, jiki bai bar shi ya yi wasa yadda ya kamata ba, abin tausayi.

Malam_Edmonton

Hajiya hujjarki mai ƙarfi ce, amma wannan 2017 ɗin da kika kawo ki ƙarasa shi. Bayan Nico Hischier da aka fara ɗauka da Patrick, wa aka ɗauka? Miro Heiskanen na 3, Cale Makar na 4. Makar a lokacin yana Brooks Bandits a ƙaramin lig na Alberta, ana cewa ai da yara yake wasa ba a san ƙarfinsa ba, Colorado suka kalli ƙafarsa da kansa suka ɗauka. Zuwa 2025 yana da Norris biyu da Conn Smythe na 2022, kyautar gwarzon wasannin neman kofi, a kakar 2024-25 ƙwallo 30 ya ci yana ɗan baya. In aka sake wannan diraf ɗin babu manajan da zai bar shi ya wuce na ɗaya. Irin wannan ba kullum ake tsintarsa a zagaye na biyu ba, sunayen da kika lissafa biyar ne ko shida cikin ɗaruruwan da aka ɗauka a can ba a sake jin labarinsu ba.

Raunin kuma ba iri ɗaya ba ne. Na Patrick ciwo ne mai tafiya yana dawowa, matsalar mara da aka yi masa aiki, daga baya ciwon kai mai tsanani. Na Schaefer karaya ce ta karo, ƙashi ya haɗe an wuce wajen. Misalin da ya fi kusa da shi Morgan Rielly ne, 2012, jijiyar gwiwa ta tsinke masa wasa 18 kawai ya buga wa Moose Jaw, Toronto suka ɗauke shi na 5 kuma ya zama babban ɗan bayansu. Kin san wa ya ɗauki na 4 a shekarar? Su Islanders ɗin nan, suka zaɓi Griffin Reinhart, dogo ƙaƙƙarfa mai cikakkiyar lafiya wanda kowa ya gama gani, wasa 37 ya buga a NHL gaba ɗaya. Matsalarsa ƙafa ce, saurin wasan ya fi ƙarfinsa.

Dalilin da ya sa ake haƙura a ɗauki ɗan baya kuma lissafin minti ne. Babban ɗan baya minti 24 zuwa 25 yake yi a wasa, da hari da tsaro da lokacin da aka rage muku mutum duk shi, babban ɗan gaba kuwa wajen 20. Kuma ƙungiyar da ta samu irinsa ba ta sayarwa.

Ɗan_Zazzau

Ni abinda zan ƙara, zamani ma ya canza abinda ake nema. Akwai Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi a 1975 ya tashi a Ontario, ɗan baya ne, Buffalo suka ɗauke shi a zagaye na 3 a 1994, shine haifaffen Najeriya na farko da ya buga NHL, wasa 69 ya yi tsakanin Buffalo da Rangers da Atlanta. A lokacinsu ɗan baya ƙarfi ake so da dambe da share gaban raga, ana riƙe mutum da sanda alƙali na kallo. Daga 2005 da aka tsaurara dokar riƙo da maƙalewa sai abin ya koma na masu ƙafa, shi yasa yanzu irin su Quinn Hughes da Hutson ke cin kasuwa. Schaefer kuma yana da ƙafar yana da tsawon, ƙafa 6 da inci 2, haɗuwar biyun ce ba a cika samu ba.

Abu ɗaya da ke ɗan rage masa farashi, bahago ne a sanda, kuma masu riƙe sanda ta dama su ne ke wahalar samu a 'yan baya. Amma wannan ba zai hana komai ba.

Sai halinsa, don ƙungiyoyi ma suna dubawa sosai a hirar da suke yi da yara a Buffalo kafin diraf. Yaron nan mahaifiyarsa ta rasu da ciwon daji a Fabrairun 2024 yana ɗan 16 yana zaune a wani gari nesa da gida, kuma ya dawo ya ci gaba da wasa har aka ba shi kyaftin ɗin Kanada bayan wata shida. Ni wannan ya taɓa ni gaskiya.

Bakano_Mississauga

Na gode ƙwarai Malam, Hajiya ma na gode, yanzu na san abinda zan riƙa kallo, na koma na duba bidiyonsa kuma waigen nan da ka ce yana yi kusan kowane lokaci. Amma har yanzu maganar Hajiya ta santa tana raina, musamman ga James Hagens, santa ɗan Long Island, yankin da Islanders suke, wanda tun yana yaro Islanders yake goyon baya, magoya bayansu da yawa shi suke so. To in sun ɗauki Schaefer ɗin, zai fara buga NHL a Oktoban nan ne ko sai an jira?

Malam_Edmonton

Hagens yaro ne mai kyau amma ba a zaɓin farko don garinsu ɗaya, sabon manajansu Mathieu Darche in yana son shi sai dai ya nemo wani zaɓin ta ciniki. Kuma su Islanders sun san daɗin ɗan baya a na ɗaya, Denis Potvin suka ɗauka a 1973, shine kyaftin ɗin da ya ɗaga musu kofi huɗu a jere daga 1980 zuwa 1983.

Batun Oktoba, akwai ƙa'ida. A 2025 yarjejeniyar NHL da CHL ba ta yarda a tura ɗan ƙasa da 20 da aka ɗauko daga OHL zuwa AHL, lig ɗin ƙwararru da ke ƙasa da NHL, ba, kenan ko ya zauna da manya ko ya koma Erie. Suna iya gwada shi wasa 9 ba tare da shekarar farko ta kwantiraginsa ta fara ƙirguwa ba, in ya buga na 10 ta fara. Akwai hanya ta uku sabuwa, daga kakar 2025-26 NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta buɗe ƙofa ga 'yan CHL su buga wa jami'a, amma fa sai in bai sa hannu a kwantiragin NHL ba. Power bayan an ɗauke shi na ɗaya Michigan ya koma ya ƙara shekara, Makar shekara biyu ya yi a UMass, Dahlin da Ekblad kuwa kai tsaye suka shiga.

Ni da za a tambaye ni, tunda rabonsa da wasan gaske tun Disamba, a ba shi sansanin horo da wasa 9 ɗin nan a ga yadda kafaɗar za ta ɗauki dukan manya a kusurwa. In yana isa fak da wuri yana fitar da ita cikin natsuwa a bar shi, a haɗa shi da babba irin Ryan Pulock da zai riƙa rufe masa baya. In an ga yana ɗari-ɗari a mayar da shi Erie ya yi ta buga minti 28 kowane dare, ya je gasar matasa ta duniya a Disamba a Minnesota.