Neman taimako: me za mu kira "Satiriker" da Hausa?

Maman Biyu: Salamu alaikum. Jibi zan naɗi shirin rediyo kan Erich Kästner, Bajamushen da aka haifa a Dresden a 1899, mai labarin Emil, yaron da aka sace wa kuɗi a jirgin ƙasa, yaran Berlin suka taya shi kama ɓarawon. "Marubucin littattafan yara" ta zauna. Amma Jamusawa suna kuma ce masa "Satiriker", wato marubucin da ke sukar halayen jama'a da masu mulki ta hanyar ba'a, nan na cije. Ku agaza mini.

Malam Tsoho: Wa alaikis salam. Mai zambo.

Ɗan Damagaram: Allah gafarta Malam, zambo mutum guda yake kamawa, makaɗi ya muzanta abokin gabar ubangidansa. Kästner ba shi da ubangida. Ƙasa sukutum ya sa a gaba, har ya yi waƙar da ya kira Jamus ƙasar da igwa ke fure. Ni habaici na gani.

Malam Tsoho: Habaici a lulluɓe yake, sai mai shi ya tsargu. Ranar 10 ga Mayun 1933, 'yan Nazi sun jefa littattafansa cikin wuta a Berlin, suna kiran sunansa da ƙarfi, shi kuwa yana tsaye cikin taron yana kallo. Mai habaici ake yi wa haka? Kuma ai ya kama suna: sajan Waurich, wanda ya gana masa azaba a horon soja a 1917 har ya kamu da ciwon zuciya, waƙa guda ya yi masa.

Baban Sadiq: Mazambaci kenan.

Maman Biyu: Wayyo, a'a! Mazambaci ɗan damfara ne, masu sauraro za su ɗauka zamba ya yi.

Baban Sadiq: To ga tawa, na daɗe ina kawo ta: "sukaraha", suka da raha. Shi kuma ɗan sukaraha. Ku furta ta sau uku ku ji daɗinta.

Malam Tsoho: Muna da zambo, habaici, gatse, shaguɓe, gugar zana, ga 'yan kama da ke kwaikwayon malamai tun kaka da kakanni, sannan a ce sai mun ƙera? Wannan raina harshe ne.

Baban Sadiq: Malam, "na'ura mai ƙwaƙwalwa" ma wani ne ya ƙera ta. Don ba daga jami'a tawa ta fito ba ne?

Ɗan Damagaram: Kullum ku na Najeriya ke yanke hukunci, mu sai dai mu ji a rediyo. Ba Hausa muka sha a nono ba?

Maman Biyu: Don Allah ku yi haƙuri, lokaci ya ƙure mini. Zan ce "marubuci mai zambon gyara", in bi da jimla guda: ba don ubangida yake yi ba, don masu mulki su ji kunya ne.

Malam Tsoho: "Gyara" ɗin ƙari ne, amma je ki.

Baban Sadiq: Ban gamsu ba. Ko sau ɗaya ki saka sukaraha, mu ji abin da masu kiran waya za su ce.