Gobe ta Allah Ce: Musayar Waƙa

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Daren jiya na karanta Yaƙub 4:13-15, inda yake tsawata wa masu cewa za su tafi gari kaza su shekara su ci riba, alhali ba su san abin da gobe za ta kawo ba. Wannan mutumin ni ne. Ga baitocina, mai amsa ya amsa.

Na ɗaure kaya na ce Maraɗi zan nufa,
Na lissafa riba tun ban taka hanya ba.
Na ce wa matata ta zaɓi atamfarta,
Kuɗin da ban riƙe ba na riga na raba.
Sai soja suka karɓi mulki a Yamai,
Yulin 2023, ban taɓa tsammani ba.
Aka rufe iyaka, kaya suka tsaya a Magama,
Wata ya bi wata, motar ba ta motsa ba.
Duk shirin nan ban sa Ubangiji a ciki ba,
Numfashin da nake taƙama da shi ma ba nawa ba.

Mama ta Zumuntar Mata:
Sannu ɗana. Allah ya mayar maka da alheri.

Share hawaye, ba kai kaɗai ba ne,
Kowa ya taɓa gina rumbu a zuciya.
Ka tuna mai arzikin nan na Luka 12,
Gona ta yi albarka har ya rasa ma'ajiya.
Ya ce zai rushe rumbuna ya gina manya,
Ya ci ya sha, ya miƙe ƙafa lafiya.
A daren nan Allah ya nemi ransa,
Hatsi ya kai safiya, mai shi ya bar duniya.
Ni na ga gobarar babbar kasuwar Katsina a 2021,
Mai shago jiya, yau ba shi da ko tsintsiya.

Ɗan Kusugu:
Mama, ki gafarce ni, daga Daura nake, kuma abin yana damuna tun da daɗewa.

Na ji maganarki, amma ina da tambaya,
In gobe ba tamu ba ce, don me muke shukawa?
Ina karatu, burina in zama likita,
Girman kai ne wannan, in haƙura da nemawa?
Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a Masar,
Da bai yi tanadi ba, da yunwa ta gama da kowa.

Baba Manomi:
Yaro, ka yi tambaya mai kyau. Matso kusa.

Ka yi karatu, kada ka ajiye biro,
Wa ya ce ka naɗe hannu ka kwanta a ɗakinka?
Yusufu da Fir'auna ya yabe shi kan mafarki,
Cewa ya yi ba ni ba ne, Allah zai amsa maka.
Ni nakan yi binne a busasshiyar ƙasa,
Iri na hannuna, ruwa na hannun Mahaliccinka.
Wata shekara hadari ya zo, gero ya yi kai,
Wata shekara fari ya sa na sake shuka.
Yaƙub bai hana ciniki ba, fariya ya hana,
Ka ce in ya yarda, ka saɓa fartanyarka.

Mama ta Zumuntar Mata:
Baba ya faɗi gaskiya. Sai dai akwai inda nake jin tsoro, har a kaina.

"In Allah ya yarda" ya cika bakin Katsinawa,
Maƙwabtanmu Musulmi na faɗa, mu ma muna faɗi.
Amma sau nawa kalmar ke fita a leɓe,
Zuciya kuwa ta riga ta gama ƙirga kuɗi?
Yesu a Getsamani ya ce ba nufina ba sai naka,
Da gumi kamar jini ya faɗa, ƙoƙon babu daɗi.

Ɗan Kusugu:
Wannan ta shige ni, Mama. Kullum ina faɗin ta kafin jarrabawa, amma ban taɓa tambayar kaina ba ko zan yarda in amsar ta zo daban.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Baba, Mama, na gode. Ga inda maganar ta tsaya.

An buɗe iyaka a Maris 2024,
Rabi ya lalace, rabi na sayar da hasara.
Bashi na nan, ina biya kaɗan-kaɗan,
Matata ta ce atamfa ta jira wata shekara.
Laraba, in Ubangiji ya yarda, zan sake lodi,
Buhu goma kacal, ban nemi in ƙara.
Ku zo gidana Talata da yamma mu durƙusa,
Ƙanena, kai ma ka shigo mota daga Daura.