Ina ake samun kuɗin binciken sauyin yanayi da illarsa ga noman gero?

Mai_Alli: Assalamu alaikum malamai. Tawagar malaman jami'a huɗu ce ke son bincike kan yadda jinkirin faɗuwar damina ke rage amfanin gero a arewacin Jigawa, da dabarun da manoma ke bi. Wace ƙofa ya kamata a fara ƙwanƙwasawa? An ce a gwada Green Climate Fund, asusun duniya na tallafa wa ƙasashe masu tasowa kan sauyin yanayi.

Dan_Rumbu: Wa alaikumus salam. Malam, ku bar batun Green Climate Fund, ba a ba malami kuɗi kai tsaye a can. Sai ta hannun hukumomin da asusun ya amince da su, da sa hannun gwamnati, kuma ayyukan aiwatarwa yake ɗauka. Ƙofarku ita ce asusun bincike na ƙasa na TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantun Najeriya. Ana fara tura taƙaitaccen bayani, in ya tsallake a nemi cikakken kundi, daga nan a kira ku ku kare shi baki da baki. Inda aka fi faɗuwa shi ne taƙaitaccen bayanin, domin mutane na cika shi da labarin ɗumamar duniya su manta da tambayar binciken. Ku faɗi ƙananan hukumomin da za ku shiga, irin geron, ingantaccen irin SOSAT ne ko na gargajiya, da abin da manomi zai canza in kun gama.

Hajiya_Alkaluma: Ina ƙara kan maganar Dan_Rumbu, ku tanadi bayanan ruwan sama kafin ku rubuta komai. Ba a kiran abu sauyin yanayi da bayanan shekara biyar, mai duba kundi zai nemi aƙalla 30, misali 1991 zuwa 2020. Bayanan tashoshin NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, saya ake yi, to ku sa kuɗinsu a kasafi. CHIRPS, wani rumbun bayanan ruwan sama a intanet, kyauta ne, yana farawa daga 1981, faɗin kowane murabba'i a taswirarsa kusan kilomita 5. Amma hasashen tauraron ɗan Adam ne aka gauraya da na tashoshi, yakan kuskure ruwan farko mai yayyafi, wanda shi ne ainihin abin da kuke nema. Saboda haka ku gwada shi da tasha ɗaya ko biyu, ku kuma kafa ma'aunin ruwa na hannu a kowane ƙauye, a biya wanda zai riƙa karantawa kowace safiya.

Sannan ku fayyace me kuke nufi da faɗuwar damina. Ma'aunin da aka saba da shi a Sahel shi ne milimita 20 cikin kwana uku a jere bayan 1 ga Mayu, ba tare da farin da ya wuce kwana bakwai ba cikin kwana 30 da ke biye. Manomi kuwa da ya ga laima ta kai tsawon yatsa sai ya yi shuka, wani ma binne yake yi tun kafin ruwa. Ku auna duka biyun, tazarar da ke tsakaninsu ita ce naman binciken.

Dan_Rumbu: Gaskiya ne Hajiya. Sai batun lokaci. Kashi-kashi ake sakin kuɗin, in kashin farko ya iso a Agusta, daminar ta tafi. Ku tsara gwajin gona na damina biyu, ku bar watannin farko ga tambayoyin gidaje da neman izinin ɗa'ar bincike. Kasafin mai da na kayan waje kuma ku bar masa sarari, faɗuwar naira tun 2023 ta karya ƙiyasi da yawa.

Bako_Daga_Yamai: Kada ku manta da WASCAL, cibiyar nazarin sauyin yanayi ta Afirka ta Yamma, wadda Jamus ke ɗaukar nauyi. Ba ta dace da tawaga irin taku ba, amma tana horar da ɗaliban digiri na uku a Minna da Akure da Jami'ar Abdou Moumouni. Shirin CLARE na Birtaniya da Kanada, mai tallafa wa bincike kan jure sauyin yanayi, kuwa haɗakar cibiyoyi yake so, don haka ku fara ƙulla hulɗa da cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET a nan Yamai ko Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero tun kafin a yi shela.

Mai_Alli: Allah ya saka da alheri. Hajiya, ma'aunin ruwan nawa ya kamata a kafa a ƙauye guda?