Ta yaya ake sanin zafin narkakken ƙarfe alhali na'ura ba ta iya zama a cikinsa?

Ɗalibin Injiniya:
Assalamu alaikum, malamai. An koya mana cewa zafin narkakken ƙarfe yana haura digiri 1,600 a ma'aunin Salshiyos, kuma sandar awo mai wayar falatinam da ake tsomawa ciki tana lalacewa bayan 'yan daƙiƙoƙi. To, a sauran lokacin da ake hura iskar oksijin cikin tanderu domin tace ƙarfen, da me ake sanin inda zafin ya kai?

Tsohon Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Lissafin shiga da fita ake yi. Kafin a fara hurawa, an san nauyi da zafin narkakken ƙarfen da aka zuba, an san yawan kabon da silikon ɗinsa, waɗanda ƙonewarsu ce ke ƙara zafi, sannan an san nauyin tsoffin ƙarafa da farar ƙasa da za su shanye wani ɓangare na zafin. Hurawar ba ta cika wuce minti 20 ba, kwamfuta kuma tana bin hayaƙin da ke fita domin gane yawan kabon da ya ƙone. Gab da ƙarshe ake tsoma sandar, a gyara ƙiyasin da abin da ta nuna.

Inda na sha ganin lissafin ya kauce shi ne wajen tukunyar ɗauka, wato babbar tukunyar da ake juye narkakken ƙarfen a ciki daga tanderu. Wata rana da asuba aka kawo mana tukunyar da ta kwana ba a gasa ta sosai ba, bulon jikinta ya zuƙe zafin, ƙarfen ya fara daskarewa a bakin mazurari, kwamfuta kuwa tana nuna cewa lafiya lau.

Malama Mai Bincike:
Gaskiya ne, Baba. Ina so in ƙara cewa na'urar da ke auna zafi daga nesa ta hanyar haske ba ta warware matsalar ba, domin ƙura da hayaƙi suna tare ta, kuma sau da yawa kashin ƙarfe, wato dattin da ke yawo a saman narkakken ƙarfen, take gani. Shi ya sa ake amfani da dabarar lissafi da injiniya Rudolf Kalman ya wallafa a 1960, wadda ke haɗa ƙiyasi da awo, tana bai wa kowanne nauyi gwargwadon amincinsa.

Ɗalibin Injiniya:
Na gode ƙwarai. Ashe ke nan tarihin kowace tukunya, wato tsawon zamanta babu ƙarfe da yawan zubin da ta ɗauka, dole ne ya shiga lissafin?

Tsohon Ma'aikaci:
Dole ne, har da ko an rufe ta da murfi lokacin da take jira.