Lambobin yabo na tsofaffin sojoji: yaya ake gane su?

Ɗanlami: Assalamu alaikum. Akwai lambobi uku a hannuna. Ɗaya tauraro ce mai tsini shida, ruwan tagulla, bayanta sumul. Ta biyu fara ce, da kan wani sarkin Ingila, a bayanta zaki ya taka wata dabba. Ta uku ba ta da nauyi sam, da huda a samanta, an rubuta 1953. Na wane lokaci ne, kuma in goge su ko in bari?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Tauraron nan, duba zoben da ke tsakiyarsa, sunansa na nan a rubuce. In ka ga THE BURMA STAR, to ta yaƙin ƙasar Bama ce (Myanmar a yau), irin wadda aka ba sojojin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma. Ƙyallenta ja ne a tsakiya, gefuna shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Bayan da ka gani sumul ba laifi ba ne, haka Ingila ta raba lambobin yaƙin duniya na biyu, babu suna.

Farar kuma ita ce lambar yaƙin 1939 zuwa 1945. Sarki Joji na shida ne sanye da kambi, zakin kuwa dodo mai kai biyu ya taka. Auna faɗinta, milimita 36 ne. Mutane kan ɗauka azurfa ce, alhali haɗin jan ƙarfe ne da nikel. Kada ka wahalar da kanka da maganaɗisu, domin ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu.

Baba Audu: Abin da Malam Habu ya faɗa haka yake. Sai dai, Ɗanlami, duk lamba mai da'ira da ta shigo hannunka, fara juya bakinta. Na yaƙin farko, 1914 zuwa 1918, an buga lambar soja da muƙami da suna da runduna a bakin, kuma farar cikinsu azurfa ce. Haka ma lambar hidimar Afirka ta 1902, wadda ake maƙala wa ɗan ƙarfe a kan ƙyalle: N. NIGERIA 1903 na cin Kano da Sakkwato ne, 1906 na Satiru da Haɗeja. Irin waɗannan su ake yi wa jabu. Ta gaske bugawa aka yi, haruffanta tsaf. Ta jabu kuwa zubi ce, za ka ga ƙananan ramuka kamar zanzana, rubutu ya dushe, da siririn layi a baki inda gidan zubin ya haɗu. Baki ya sirance a wuri guda kuwa, an kankare sunan wani ne.

Ta 1953 tsaraba ce ta naɗin Sarauniya Elizabet, 2 ga Yuni. An buga irinsu barkatai, kuɗinta kaɗan ne.

Hajiya Ladi: Maganar gogewa, a'a. Toka da yashi da lemun tsami da Brasso (man goge ƙarfe) duk suna cin haruffa, kuma masu saye duhun tsufan nan suke so. Ruwan ɗumi, sabulu ɗan kaɗan, auduga, sannan a busar sosai, kada ruwa ya taɓa ƙyallen. Kada a sa su cikin jakar fata, jima kan baƙanta azurfa; leda mai laushi kuma tana tsatso wani kore mai danƙo a jikin tagulla. Naɗe kowace daban a farar takarda, amma a ajiye su wuri guda tare da takardar sallamar mai su, domin lambar da ba ta da suna takardar ce kaɗai shaidarta.