Abin da malamai da ɗalibai suka yi ittifaƙi a kai game da bitar ayyukan da suka gabata

A wata tattaunawa tsakanin malamai da ɗalibai kan bitar ayyukan da suka gabata, wato babin da ake nazarin abin da masana suka riga suka rubuta kan batun bincike, kusan kowa ya fara da abu ɗaya: kada ka buɗe Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen masana, kafin ka tsayar da tambayar bincikenka. In ba haka ba, za ka tara muƙalu ɗari ka rasa inda za ka sa su.

Inda aka fi daɗewa shi ne yadda ake rubutawa. Ɗalibai da yawa suna jero "wane ya ce, wance ta ce", babi ya ƙare ba a ji muryarsu ba. Malaman suka ce a haɗa ayyukan bisa jigo, a nuna inda masana suka saɓa wa juna, a kuma faɗi dalilin saɓanin: ko hanyar tattara bayanai ce ta bambanta, ko samfurin da aka ɗauka. Daga nan ne giɓin da bincikenka zai cike yake fitowa, kuma a ganina nan ne aikin yake.

Aka kuma ba da shawarar bin jerin manazarta na muƙala mai kyau, a koma baya, sannan a duba waɗanda suka ambace ta daga baya. Ajiye bayanan littattafai kuwa, a bar wa manhajar tsara manazarta irin su Zotero ko Mendeley tun ranar farko.