Maganganun Turanci masu launi: inda ɗalibai da masu fassara ke tuntuɓe

Malamar Turanci:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so kowa ya kawo abin da ya lura da shi a wurin aikinsa game da maganganun Turanci da aka gina a kan launi. Ni bari in fara da jarrabawar WAEC da JAMB, sashen da ake ba da jimla a ce ɗalibi ya zaɓi ma'anar da ta fi dacewa. Masu shirya tambaya suna yawan saka zaɓi guda mai ɗauke da launin kansa, kuma tarko ne. Idan an ce labari ya zo "out of the blue", za ka ga wani zaɓi yana maganar sama ko shuɗi, alhali amsar ita ce kwatsam, ba zato ba tsammani. Shi ya sa nake ce wa yara su fara soke zaɓin da ya ambaci launin.

Abu na biyu ya fi wuyar gyara. Mu a Hausa fari alheri ne, baƙi sharri: farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, farar aniya da baƙar aniya. Ɗalibi yana shiga ɗakin jarrabawa da wannan ma'auni a kansa, sai ya ga "in the black" ya ce ai kamfanin ya shiga uku.

Akawu:
Wa'alaikumus salam Malama. Wannan ta wajenmu ce. Da can masu riƙe littafin kuɗi suna rubuta riba da baƙar tawada, asara da bashi kuma da ja. Saboda haka "in the black" yana nufin ana cin riba ko akwai kuɗi a asusu, "in the red" kuma an faɗi, ko an ciri fiye da abin da ke ciki. Har yau a manhajar lissafi ta Excel akwai tsarin da ke fito da lambar asara da ja. A kula da kalmar "the" ɗin nan, don ba ado ba ce. "She is in the red" bashi ya hau kanta. "She is in red" jajayen kaya ta saka. Ana yawan ganin wannan kuskure a wasiƙun neman rance.

Ana kuma cewa wai "Black Friday" ta samo suna ne don ranar ce 'yan kasuwar Amurka ke komawa riba. Wannan bayani daga baya aka laƙaba shi. 'Yan sandan Filadelfiya ne suka yi ta kiran ranar haka a shekarun 1960, saboda cunkoson mutane da motoci washegarin bikin godiya na Amurkawa, wato Thanksgiving.

Tafintan Kotu:
Malama, a gafarce ni, dabarar soke zaɓi mai launi tana aiki amma ba kullum ba. "Beaten black and blue" launin gaske ne, wato an yi wa mutum duka har jini ya kwanta a jikinsa. Fatar Bature ce ke nuna shuɗin, mu sai dai mu ce an yi masa jina-jina ko lilis. Haka "black eye", kumburin ido ne daga naushi.

Wadda ke da haɗari a kotu ita ce "caught red-handed". Asalinta daga dokar Sukotlan ta ƙarni na 15, mutumin da aka samu da jini a hannu. Hausarta a shirye take: an kama shi dumu-dumu. Amma sharaɗinta shi ne a ritsa mutum yana cikin aikatawa, ko kayan na hannunsa a nan take. Wanda aka kamo bayan sati biyu sakamakon bincike ba a kama shi "red-handed" ba, kuma idan tafinta ya ce dumu-dumu a inda lauya bai faɗa ba, ya ƙara wa shaida nauyin da ba ta da shi. Sai "in black and white", wato a rubuce, da sa hannu in ya kama. "Grey area" kuma wurin da doka ba ta fito ƙarara ta halatta ko ta haramta ba. Masu karatun addini suna saurin gane ta idan aka ce musu shubuha, ko da yake ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba.

"Red herring" ma tana fitowa daga bakin lauyoyi. Kifi ne da aka ƙyafe har ya yi ja, mai ƙarfin wari, amma abin nufi batun da aka jefo don a kawar da hankali daga ainihin magana. Kada a kawo kifi cikin fassara ko kaɗan.

Malamar Turanci:
Na karɓi gyara, Malam. Zan riƙa ce musu su yi zargin zaɓin, ba su soke shi kai tsaye ba.

Mai Fassarar Labarai:
A ɗakin labarai guda huɗu ne ba sa barinmu mu huta. Ta farko "white elephant", wadda jaridun Najeriya ke so ƙwarai idan ana maganar ayyukan gwamnati. Daga ƙasar Siyam take, Tailan ta yanzu, inda farar giwa ke da alfarma, ba a sa ta aiki, ga ci kamar gara. Ana ba da labarin cewa sarki kan ba bafaden da yake son karyawa kyautarta, ba halin ya ƙi, ba halin ya sayar. Da yawa suna fassara ta da aikin baban giwa saboda giwar da ke ciki ta ja su. Kusa ne, amma da bambanci. Aikin baban giwa wahala ce da ta tashi a banza. "White elephant" kuwa abu ne da yake nan tsaye, an kashe masa maƙudan kuɗi, ba ya tsinana komai, kuma kula da shi na ci gaba da lashe wasu kuɗin. Filin jirgin sama da aka gama amma jirgi ba ya sauka, ana biyan ma'aikata da kuɗin wuta duk wata, shi ne misalinta. Gara a kwatanta shi da jimla guda a kan a matsa masa karin maganar da ba tasa ba.

"Red tape" daga jan zaren da ake ɗaure takardun hukuma da shi a Ingila. Mu mukan ce dogon turanci, ko je-ka-ka-dawo na ofis. "Black market" kasuwar bayan fage, amma in man fetur ne a galan bakin titi, mai sauraro ya fi gane 'yan bumburutu. Ta huɗu "green light", an ba da izini, an sahale. Na sha ganin an rubuta wai majalisa ta ba da koren haske. Babu Bahaushen da ke magana haka a gida.

"Brown envelope" kuwa Turancin aikinmu ne, abin kunyarmu: kuɗin da ake cusa wa ɗan jarida don ya gyara labari ko ya binne shi. Kada a haɗa ta da "yellow journalism", wadda ta fito daga gasar jaridun Pulitzer da Hearst, wasu masu gidajen jarida biyu a New York, a shekarun 1890, ma'anarta zuzuta labari da ƙarin gishiri don jarida ta sayu.

Ma'aikaciyar Jinya:
Tawa gajera ce. "Black out" a bakin majiyyaci suma ce, ko ya rasa tuna abin da ya faru na ɗan lokaci, ba ɗauke wuta ba. "Off colour" a Turancin Ingila jiki ne ba daɗi, amma a Amurka idan an ce barkwanci "off-color" ne, batsa ake nufi. "In the pink" lafiya garau. "Pink slip" kuwa takardar sallama daga aiki ce a Amurka, launi ɗaya, labari daban.

Malamin Hausa:
Hajiya kin tuna min da inda harsunan biyu ke saɓa launi a kan abu guda. Bature ya ce sabon ma'aikaci "green" ne, mu mu ce farin shiga, ko ɗanye ne. Bature ya ce "see red", mu mu ce idonsa ya rufe don fushi. Ja a wajenmu ma sau da yawa ƙarfi yake nunawa, kamar jan hali da jan aiki, kuma duk wanda ya mayar da su Turanci da "red" ya yi ɓarna. Farar hula ba ruwanta da hula, wanda ba soja ba ɗan sanda ba ake nufi. Jan kunne kuwa babu launi a cikinsa sam, jan da ake yi da hannu ne.

"Black sheep of the family" tana da 'yar uwa a Hausa da ta zauna daram: wanda ya fita zakka a gida. "White lie" ce ba ta da kalma guda. Ƙaramar ƙarya ce don kada a ɓata wa wani, irin baƙon da aka kawo wa abinci ya ce alhamdulillahi a ƙoshe yake alhali tun safe bai ci komai ba. Mu kara muke kiran wannan, ba ma sa ta a layin ƙarya, don haka fara ƙarya ko farar ƙarya ba ta isar da komai.

A kan kore kuma a raba biyu. "Green with envy" hassada ce ko ƙyashin abin hannun wani. "Green-eyed monster" kishi ne irin na miji da mata, daga wasan Othello na Shakespeare.

Malamin Kimiyya:
"Once in a blue moon" ba ta nufin har abada ba zai faru ba, tana nufin jefi-jefi ƙwarai, sai an daɗe. A yau ana kiran cikar wata ta biyu a cikin watan Bature guda da wannan suna. Daga cika zuwa cika kwana 29 da rabi ne, watan Bature kuma 30 ko 31, ban da Fabrairu, sai rarar ta taru a samu cika biyu kusan duk shekara biyu da rabi, kamar yadda aka gani a Agustan 2023. Watan ba ya yin shuɗi. A kalandar Hijira hakan ba ya faruwa, tunda kowane wata cikarsa ɗaya ce, a tsakiyarsa.

Malamar Turanci:
Allah ya saka da alheri. Saura guda da ke cika rubutun insha'i: "with flying colours". Kalmar "colours" a nan tutoci ne, na jirgin ruwan da ya dawo daga yaƙi tutocinsa na kaɗawa. Da cin jarrabawa ko tsallake gwaji take tafiya, ba a cewa an yi biki ko an ci abinci da ita. Kuma waɗannan maganganu ba a taɓa ƙirarsu. Yara kan rubuta "out of the blues" da ƙarin harafi a ƙarshe, alhali "the blues" damuwa ce da rashin walwala, wani abu daban. Mai duba takarda yana ja wa wannan layi nan take.